'Yata ta kai ƙarar masu tsangwamarta, ko ta yi gulma?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, 'yata mai shekara 14 tana makarantar kwana a nan Zariya. 'Yan ɗakinsu sun sa mata suna saboda baƙin fatarta, sun daina cin abinci da ita wata biyu ke nan. Ta gaya wa malamarsu, sai aka ce ta yi gulma. Yanzu ta daina kula su, kuma tana roƙona man bilicin. Tana da zunubi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, su suka fara ƙaurace mata, nan hukuncin ya rataya. Gaba fiye da kwana 3 haramun ce, amma laifin yana kan wanda ya ƙulla ta. In ta haɗu da su ta yi sallama, a wurin Imam Malik ta fita daga gaba. Ba a wajabta mata zama cikin masu wulaƙanta ta ba.

Masu cewa ta yi gulma, ko su ce haƙuri shi ne ta yi shiru, sun yi kuskure babba. Suratun Nisa'i aya ta 148 ta keɓe wanda aka zalunta, kuma Imam Nawawi da ya lissafa wurare 6 da ambaton aibin mutum ya halatta, kai ƙarar zalunci ya sa a farko. Sharaɗi kawai ta kai wa mai ikon gyara, kada ta ƙara gishiri. Da Nana Safiyya ta yi kuka don Nana Hafsa ta ce mata 'yar Bayahude, Annabi (SAW) ya tuna mata cewa ita 'yar Annabi ce (wato daga zuriyar Annabi Haruna take), sannan ya ce wa Hafsa ta ji tsoron Allah. Bai tuhumi Safiyya da gulma don ta gaya masa ba. Shirun da ake tilasta wa yarinya koya mata yake cewa ta cancanci abin, su kuma ya ƙara musu ƙarfin hali.

Abin da ya fi damuna man bilicin. Yarinya ta fara yarda da maganarsu ke nan. Kada ki saya: yawancinsa yana ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata, wasu har ƙoda suke taɓawa. Ki kuma bincika gidanku, ko akwai mai kiranta da irin wannan suna da sunan wasa.

Ki je makarantar da kanki, ki gana da shugabar a keɓe, ki nemi a sauya mata ɗaki. Kada a tara su a gabanta a ce su ba ta haƙuri, dare na yi za su rama. In ta daina cin abinci, ko barci ya ƙaurace mata, ko ta ce gara ta mutu, ki ɗauko ta ranar ki kai ta asibitin koyarwa na Shika ta ga likitan ƙwaƙwalwa, addu'a kuma tana tafiya tare.

Wallahu a'alam.