Taimar da ke jikin fankar Koriya

Ka tambaye ni abin da ya sa fankokin gwanjo masu rubutun Koriya suke zuwa da taima mai kashe su da kanta, kuma ko gaskiya ne wai fanka na kashe wanda ya kwana da ita a rufaffen ɗaki. To saurara, ɗana.

Fanka ba ta cin iska. Kai da kanka ka sha kwance ta: kwayil ne, wato naɗin wayar da ke cikin injin, da kwandensa mai tayar da shi, da sandar da ke juya fiffike. Babu harshen wuta a ciki, to da me za ta cinye iskar da muke shaƙa? Iskar ɗakin kawai take turawa daga nan zuwa can. Ko ɗakin ma ba ta sanyaya shi, gumin jikinka take busarwa, shi ne sanyin da kake ji.

Duk da haka a Koriya ta Kudu, ƙasar Samsung da LG, mutane da yawa sun yarda da wannan magana, musamman dattawa. Tun shekarun 1920 jaridunsu ke gargaɗi a kan fanka. Wasu su ce numfashi take ɗaukewa, wasu su ce jiki take sanyayawa har zuciya ta tsaya. A 2006 hukumar kare masu sayen kaya ta ƙasar ta sa kwana da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki a rufaffen wuri cikin haɗurran lokacin zafi, ta ba da shawarar a sa taima, a bar ƙofa a buɗe. Idan hukuma ta faɗa, wa zai yi wa kakarsa musu?

Ga yadda abin yake daɗewa. Lokacin zafi kowa da fankarsa yake kwana. A cikin miliyoyin mutane dole wani ya rasu cikin barci, ko don ciwon zuciya, ko giya ta yi masa yawa, ko zafin ne ya fi ƙarfinsa. Da safe a buɗe ƙofa, me za a fara gani yana motsi? Fanka. Sai a ɗora mata laifi, labari ya bazu. Kamfani kuma ya ga abin da masu saye ke tsoro, ya sa taima. Yaro ya tashi ya ga taima a jikin kowace fanka, ya ce ai da babu haɗari da ba a sa ta ba. Ka ga kayan da kansa ya zama shaidar camfin.

Akwai ɗan abin lura guda. Idan zafin ɗaki ya haura na jikin mutum, wato digiri 37, kuma ko'ina a rufe, fanka iska mai zafi take watsa masa. Tsoho ko maras lafiya da ba ya gumi sosai zai iya galabaita. Maganin wannan buɗe taga da shan ruwa.

Abin da ke kashe mutane a rufaffen ɗaki hayaƙi ne. Koriyawa sun san shi, domin a shekarun 1960 da 1970 gawayin kwal da suke ɗumama daɓen ɗaki da shi ya hallaka mutane da dama cikin hunturu. Mu a nan janareta ne da kaskon gawayi. Duk gidan da ka je aiki ka tarar da janareta a soro ko gindin taga, ka yi magana ko da ba shi aka kira ka gyarawa ba.

Haɗarin fanka na gaske a hannunmu masu gyara yake: kwandensa ta mutu, ko bush, zoben da sandar ke juyawa a ciki, ya bushe fiffike ya tsaya, kwayil na ta jan wuta har ya ƙone, ga ƙura ta taru a kai. Nan gobara take tashi. Sannan ka duba takardar da ke bayan injin. Wutar Koriya volt 220 ce a kan 60Hz, wato tana kai-komo sau 60 a daƙiƙa, tamu 50Hz, don haka fankarsu a nan ba ta kai gudunta ba, kuma ta fi saurin ɗaukar zafi. Saboda wannan nake son taimar, tana ba injin hutu. Idan ta lalace kuma babu ta canji, za ka iya haɗa wayar kai tsaye, amma sai ka gaya wa mai kaya tukuna, kuma ka tabbatar fis ɗin da ke cikin kwayil, mai yanke wuta idan zafi ya yi yawa, yana nan da ransa.