Na tsira daga hatsarin mota, amma tsoron mutuwa ya hana ni sakat

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne, shekaruna 36, da mata ɗaya da yara huɗu. Wata huɗu ke nan da muka yi hatsari a hanyar Kano zuwa Zariya. Tayar motar haya ce ta fashe, muka yi ta wuntsilawa. Mutum uku suka rasu, har da abokina wanda muka yi musayar kujera da shi tun a tasha saboda yana son gefen taga. Ni suma na yi, sai a asibiti na farfaɗo. A cikin suman nan na ga kamar ina sama ina kallon jikina, na kuma ga mahaifiyata da ta daɗe da rasuwa. Karayar hannuna ta warke, amma tun daga ranar ba na barcin kirki. Da na kwanta sai gabana ya hau faɗuwa, in ji kamar yau za a zare raina. Motar haya ta gagare ni shiga, har sarin kaya na daina zuwa. Kowa cewa yake in gode wa Allah, da sauran kwanana a gaba. Ina godiya, amma tsoron ya ƙi tafiya. Imanina ne ya yi rauni? Ganin mahaifiyata kuma, kirana take yi?

Wani bawan Allah, daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya gafarta wa abokinka da mahaifiyarka, kai kuma Ya ƙara maka lafiya.

Zancen imani zan fara taɓawa, don na lura shi ya fi ci maka tuwo a ƙwarya. Ni likita ne, fatawa sai malamai, amma akwai hadisin da ya zo a Bukhari da Muslim wanda nake yawan tuna wa masu irin damuwarka. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya so haɗuwa da Allah, Allah zai so haɗuwa da shi, wanda ya ƙi kuma Allah zai ƙi haɗuwa da shi. Sai Nana A'isha ta ce, ai dukkanmu muna ƙin mutuwa. Bai ce mata imaninta ya raunana ba. Bayani ya yi mata cewa maganar ta shafi lokacin fitar rai ne, sa'ad da ake yi wa mumini bushara. Annabi Musa ma, da ya ga sandarsa tana motsi kamar maciji, Alƙur'ani ya ce juyawa ya yi da gudu bai waiwayo ba. Jiki yana da nasa firgicin, kuma da shi aka halicce mu.

Abubuwa biyu ne suka cuɗe maka, kai kuma kana ɗaukarsu abu guda. Akwai firgicin da ya maƙale a jikinka tun ranar hatsarin. Wannan ciwo ne, yana da magani. Akwai kuma sanin da ka yi, ido da ido, cewa za ka mutu. Wannan gaskiya ce, babu likitan da zai cire maka ita. In ka raba su, kowanne zai yi maka sauƙin ɗauka.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, aikinsa gadi. Da ya hango hatsari sai ya sa a sako sinadarin adirenalin cikin jini: zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma sama-sama, maƙogwaro ya bushe, gumi ya karyo. Duk wannan yana faruwa kafin tunani ya kammala. Ranar da tayar nan ta fashe, ya yi aikinsa daidai. Matsalar ita ce bai samu labarin an gama ba. Ƙarar burki, warin fetur, ko jijjigar mota kaɗai ta isa ta tayar da shi. Hausawa sun riga likitoci gane wannan, da suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Dare ya fi tsanani ne saboda shirunsa. Da rana hayaniyar kasuwa tana ɗauke maka hankali. Da ka kwanta kuwa sai ka fara jin bugun zuciyarka, ka ce a ranka shi ke nan ta zo, wannan tunanin ya sa a ƙara sako adirenalin, bugun ya ƙaru, kai kuma ka ƙara gaskata zatonka. Irin wannan tashin firgici yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma, daga nan ya fara sauka da kansa. Yana da azaba, amma ba ya tsayar da lafiyayyar zuciya. Idan ya taso, kada ka tashi kana auna bugun hannunka. Ja numfashi ta hanci a hankali, ka fitar da shi ta baki a tsawon da ya fi na shigarsa, ka bar guguwar ta wuce. Goro da kofi da shayi mai kauri bayan la'asar kuma ka ajiye su tukuna, domin sinadarin da ke cikinsu yana ƙara bugun zuciya ya kuma kori barci.

Yawancin waɗanda suka tsallake rijiya da baya suna fama da irin wannan na 'yan makonni, sannan ya lafa. Idan ya haura wata guda yana hana mutum barci da sana'a, sai mu fara zargin ciwon da ake kira PTSD, wato firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. A 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sanya shi cikin jerin cututtukansu, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Sojoji, ka ji, ba ragwaye ba. Kai wata huɗu ke nan, har nemanka ya tsaya. Tabbatar da ciwo sai an gan ka ido da ido, amma abin da ka rubuto ya wuce a ce maka ka yi haƙuri kawai.

Da yake ka suma, a fara da duba jiki. Buguwar kai tana iya sa jini ya riƙa taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, alamun su bayyana bayan makonni. In kana da ciwon kai mai ƙaruwa kullum, ko amai, ko sanyin ɓarin jiki ɗaya, ko ruɗewa, ko jijjiga, to yau ɗin nan za ka je a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. In babu ko ɗaya, a auna hawan jini da yawan jini, a yi gwajin bugun zuciya. Sau ɗaya ya isa. Na san masu yawo daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan da takardu cike da leda, kowane sakamako mai kyau ya kwantar musu da hankali na kwana biyu, tsoron ya dawo.

Yanzu batun mota, wanda a ganina nan ne gyaran yake. Duk ranar da ka ƙi shiga mota kakan ji sauƙi nan take, ƙwaƙwalwarka kuma ta rubuta cewa ƙin shigar ne ya cece ka. Haka tsoron ke samun abinci. Maganin da bincike ya fi tabbatarwa, wanda Edna Foa ta Jami'ar Pennsylvania ta yi fice wajen ginawa, shi ne a koma wa abin tsoron daki-daki, a kuma ba da labarin abin da ya faru tun daga farko har ƙarshe, a maimaita a gaban ƙwararre har ya daina tayar da jiki. Yawanci zama 8 zuwa 15 ne. A aikace, ka fara da zuwa tasha ka zauna rabin awa ka dawo gida. Bayan kwanaki ka zauna cikin motar da ke tsaye. Sai gajeriyar tafiya, daga Sabon Gari zuwa Samaru, tare da wanda ka yarda da shi. Sai Tashar Yari, sai Kwanar Ɗangora, sannan Kano. Sharaɗin shi ne a kowane mataki ka tsaya har faɗuwar gaban ta ragu. In ka sauka tana kan ganiyarta, ka koya wa jikinka akasin abin da ake so. Amma ka duba tayoyin mota kafin ka shiga, ka ƙi wadda aka yi wa lodin wuce kima, ka ɗaura bel, ka ce wa direba ya rage gudu ko da sauran fasinjoji za su harare ka. Wannan hankali ne, kuma da ma can ya kamata mu duka mu riƙa yi.

Akwai ƙwayoyi irin su sertraline da likita zai iya rubutawa idan abin ya yi nauyi. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ji amfaninsu, don haka kada a yar da su a mako na biyu. Abin da nake roƙonka shi ne ka guji zuwa kemis a ba ka diazepam don barci, balle tiramol ko kodin. Za su kwantar da kai daren farko, su bar ciwon yadda yake, su ƙara maka da jarabar da ta fi shi wuyar rabuwa.

Abin da ka gani a cikin suma ba kai kaɗai ka taɓa ganinsa ba. Wani likitan zuciya a ƙasar Holan, Pim van Lommel, ya bi mutum 344 da zuciyarsu ta tsaya aka farfaɗo da su, ya wallafa sakamakon a mujallar Lancet a 2001. Mutum 62 daga cikinsu, kusan 18 cikin ɗari, sun ba da labari irin naka: wasu sun ga jikinsu daga sama, wasu haske, wasu 'yan'uwansu da suka rasu. Da aka koma wurin waɗanda ke raye bayan shekara 2, aka sake komawa bayan shekara 8, sai aka tarar tsoron mutuwa ya ragu ƙwarai a zukatansu. A 2002 kuma, a Suwizalan, Olaf Blanke da abokan aikinsa suna binciken wata mai farfaɗiya, suka taɓa wani gefe na ƙwaƙwalwarta da 'yar wutar lantarki, nan take ta ce tana ganin kanta daga sama tana kwance a gado. Ke nan ƙwaƙwalwar da ta bugu ko ta rasa isasshiyar iska tana iya haifar da wannan gani. Uwa kuwa, duk wanda wuya ta kai masa iya wuya ita yake fara kira, ko da furfura a kansa. Zancen cewa ganin mamaci sammaci ne, camfi ne da muka tashi muka tarar. Ƙarshen Suratu Luƙman ya yanke magana: babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, babu ran da ya san ƙasar da zai mutu a cikinta. Ka yi mata addu'a da sadaka.

Ba ka tambaye ni game da kujerar nan ba, amma tun da ka ambace ta na san tana cinka. Abokinka ya nemi gefen taga, ka ba shi. Alheri ka yi, da iyakar abin da ka sani a lokacin. Sanin ta inda motar za ta faɗi sai daga baya ya zo maka. Hadisin da ke cikin Muslim ya hana cewa da na yi kaza da kaza ya faru, domin wannan "da" ɗin tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Masu irin wannan nauyi sukan ƙaurace wa gidan mamacin saboda kunyar haɗa ido da iyalinsa. In haka kake yi, ka je. Ka gaishe da mahaifansa, ka duba yaransa, ka taimaka da abin da ya sawwaƙa a matsayinka na abokin babansu. Ba diyya kake biya ba, don ba ka kashe kowa ba.

Saura abu na biyu, sanin mutuwar kansa. Kafin hatsarin kana zuwa jana'iza, kana cewa duk mai rai mamaci ne, amma a zuci kana ganin na wasu ne. Yanzu ta zama taka. Na lura da cewa in aka tona tsoron magidanci irinka, rabinsa ba na kabari ba ne: wa zai riƙe yaran nan, wa ya san bashin da ake bina da wanda nake bi, kayan mutanen da ke shagona fa? Waɗannan tambayoyi suna da amsa, kuma da rana ake ba da ita. Hadisin Ibn Umar ya ce bai kamata Musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. Sami littafi ka rubuta basussuka, amanar mutane, adashin da kake ciki, inda takardun gida da na shago suke. Ka sa shaidu biyu, ka nuna wa maiɗakinka inda ka ajiye. Mutanenmu suna gudun wannan kamar yin sa kiran ajali ne, alhali waɗanda suka yi sukan ce sun ji an sauke musu kaya. Tunanin mutuwa kuma ka ba shi lokacinsa, kamar kwata na awa bayan sallar la'asar, da zikiri da istigfari. In ya ƙwanƙwasa da ƙarfe biyun dare, ka ce masa ba yanzu ba, sai gobe da la'asar. Da farko ba zai ji ba, a hankali zai saba.

Masu ce maka ka gode wa Allah da kyakkyawar niyya suke faɗa, sai dai maganar takan rufe bakin mai son ya yi bayani. Ka zaɓi mutum ɗaya ko biyu da za su saurare ka ba tare da wa'azi ba. Maiɗakinka tana kwance kusa da kai, tana jin juye-juyenka, wataƙila ma tana zargin wani laifi ta yi. Ka faɗa mata gaskiyar abin da ke faruwa. Addu'o'in kwanciya barci da karatun Alƙur'ani ka riƙe su da kyau, suna tafiya tare da asibiti ba tare da wani karo ba. Wanda zai ce maka aljanin hanya ne ya biyo ka, kawo baƙin rago, ka riƙe kuɗinka.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Na san sunan da ake kiran irin waɗannan wurare da shi a gari, kada ya hana ka. Galibin masu zuwa can a kan ƙafarsu suke zuwa su koma bakin aikinsu. In ka je, ka faɗi ranar hatsarin, da cewa ka suma, da awa nawa kake barci, da duk wani magani da ka sha, sannan ka tambaya ko akwai masanin halayyar ɗan Adam da ke yin jinyar firgici ta hanyar zama da tattaunawa. Idan kuma ka fara jin da ma kai ne ka tafi a madadin abokinka, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, kada ka jira ranar kilinik, ka sa wani ɗan'uwa ya raka ka sashen gaggawa a ranar.