Gaya nawa ce a duniya? Amsoshi kan garuruwa 'yan takwara

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Tambayoyin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, kamar an haɗa baki, to bari in ɗauke su yadda suka zo.

Ta farko daga wani ɗan'uwa ne a jihar Jigawa, yace: "Malam dan Allah ina kallon taswira a waya sai naga akwai Gaya a Nijar, akwai wata Gayar kuma har a Indiya, ga tamu ta Kano. Shin mutanen Gaya ne suka je suka kafa su? Wani abokina yace ai Hausawa ne suka fara zama a Indiya shi yasa muke son fina-finansu."

To ɗan'uwa ka gaida min abokin naka, kace masa Malam yace ya sassauta. Gaya ta Indiya tana jihar Bihar ne, gari ne mai tsarki wajen mabiya addinin Hindu, kuma kusa da ita akwai Bodh Gaya inda mabiya Buddha suke cewa a nan ya samu wayewar da yake nema yana zaune ƙarƙashin wata bishiya. Su a nasu labarin sunan ya fito ne daga wani mai suna Gayasura da ke cikin tatsuniyoyin addininsu, kaga babu ruwan wannan da maƙeran Gaya. Gaya ta Nijar kuma tana jihar Dosso bakin kogin Kwara, ka haye gada ka shiga Malanbil ta ƙasar Benin, ba ta da nisa da Kamba ta jihar Kebbi, ƙasar Dandi ce, za ka ji Dandanci da Zabarmanci da Hausa duk a kasuwa ɗaya. Tamu ta Kano ita ce ake dangantawa da Abagayawa, maƙeran da labarin baka yace sun taso daga Gaya suka zo gindin Dala neman tama. Haka a labarin Bayajidda ance ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa kafin ya isa Daura, kuma ko a nan masana na gardama kan wace Gayar ake nufi.

Abinda nake so ka riƙe shine bakin ɗan Adam sautukan da yake iya fitarwa ba su da yawa, ga kuma garuruwa dubbai bisa dubbai a duniya, dole a riƙa yin karo. Ga da ya, gaɓa biyu ce kawai fa. Ko a cikin Hausar kanta kana da gaya ta faɗa wa mutum magana, kana da gaya na tuwon da babu miya, kana da gayya ta noma, duk kunne zai ce 'yan gida ɗaya ne amma kowace da hanyarta. Hausawa sun riga sun gama maganar da suka ce kama da wane ba ta wane. Akwai Gombe a tsakiyar Kinshasa, unguwar manyan ofisoshi ce, akwai wata Gomben a Tanzaniya bakin tafkin Tanganyika, dajin da Jane Goodall ta yi shekaru tana nazarin birai, ba wanda zai ce Buba Yero da ya kafa masarautar Gombe ta Najeriya ne ya kai sunan can.

Amma kar wannan ya sa kace duk takwarar gari katari ce, a'a, wasu da ƙafa aka kai su. Shi ya kawo mu ga tambayar wata Hajiya daga Kumasi da tace: "Malam mu nan Gana muna cewa Zongo, ku kuna cewa Zango, wanne ne daidai, kuma me yasa ko ina Bahaushe ya je sai an samu Zongo?"

Hajiya duka daidai ne, kalma ɗaya ce, bakin kowa da yadda ya saba. Asalin zango wurin da ayarin fatake ke sauka ne su kwana, a sauke wa jakuna kaya, a ɗora tukunya, madugu ya je ya gaida sarkin garin a biya abinda za a biya, gari na wayewa a ɗaura kaya a kama hanya. Daga nan muka samu ya da zango, wato sauka a huta, kuma ana auna nisan tafiya da shi, ace tsakaninmu da gari kaza zango uku ne, ma'ana kwana uku a hanya. Yau ɗan makaranta na cewa zangon karatu na biyu bai san daga bayan jaki kalmar ta sauko ba. To fataken goro da ke zuwa Gwanja, kasuwar Salaga musamman, duk inda suka saba sauka sai wasu su maƙale, wannan ya yi aure, wancan ya zama fatoma yana saukar da baƙi, wani malami ya buɗe makarantar allo, kafin kace me zangon kwana ɗaya ya zama unguwa. Shi yasa za ki samu Zongo a Kumasi, Sabon Zongo a Ankara babban birnin Gana, Zongo a Lome, Zongo a Kwatano, har a Yamai akwai unguwar Zongo. A Najeriya ga Zangon Daura a jihar Katsina ga Zangon Katab a kudancin Kaduna. Ke kin fi ni sanin cewa a Gana yanzu kalmar ta wuce Bahaushe, Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Fulani duk 'yan Zongo ne, har gwamnatinku ta buɗe ma'aikata mai ɗauke da sunan Zongo a 2017. Kalmar da aka yi ta don wanda zai kwana ya wuce, sai da ta kai har jikin ginin gwamnati. Ni dai duk sanda na tuna wannan sai in tuna karin maganar nan, baƙo raɓa ɗan gari kaba. Raɓa da rana ta ɗaga ta bushe, kaba kuwa ko an sare ta sai ta toho. Mutanen Zongo raɓar ce ta ƙi bushewa har ta yi saiwa.

Ɗan'uwan zango shine Sabon Gari, kuma shi abin dariya ne ma. A Kano Turawa sun keɓe Sabon Gari wajajen 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu, haka a Zariya. Ka sauka Ibadan kuma kace a kai ka Sabo, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, sai ka tarar da 'yan'uwanka da masu tsire da 'yan canji. Wato a Kano in kace Sabon Gari ana tunanin Inyamuri da Bayarabe, a Ibadan da Shagamu in kace Sabo ana tunanin Bahaushe, suna ɗaya, baƙon ne kawai ya canza. A Kamaru ma akwai Sabongari ba ɗaya ba. Kuma gari ya shekara sama da 100 har yau sabo ake ce masa, kamar matar da ta aurar da jikoki ana kiranta Amarya.

Akwai kuma sunan da aka ɗauka aka gudu da shi, wannan shi yafi taɓa ni. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello da ake wa laƙabi da Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da sauran jama'ar da suka yi hijira, suka je suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar a Sudan, garin har gobe sunansa Mai Wurno. Wurno kuwa ta Sakkwato ce, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Ɗanfodiyo inda kabarinsa yake. Kaga nan ba katari bane, mutane ne suka bar gida amma suka ƙi barin sunan gida. Irin haka ne sarakunan Haɓe da jihadi ya kora suka tafi da sarautunsu, shi yasa sarkin Maraɗi ake ce masa Sarkin Katsina, na Tsibiri Sarkin Gobir, na Suleja kuma Sarkin Zazzau. Maganar Suleja ma, ai ita ce Abuja ta asali, Abu Ja ƙanin Sarkin Zazzau Makau ne ya kafa ta a 1828, da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar sabon babban birni a 1976 sai aka ɗauki sunan aka ba shi, tsohon garin aka sa masa Suleja saboda Sarki Sulaimanu Barau. Nan mutanen ba su je ko ina ba, sunan ne ya yi ƙaura ya bar su.

Wani malamin makaranta daga Damagaram ya tambaya ko karin maganar suna linzami ta shafi gari ko mutum kaɗai.

Malam asalinta kan mutum ne. Linzami shi ake ja doki ya juya, to haka in an kira sunanka ko cikin kasuwar Dole kake sai ka waiwaya, wasu kuma suna fassara ta da cewa suna na jan mai shi zuwa halin da ya dace da sunan, shi yasa iyaye ke zaɓe. A wannan fassarar ta biyu inaga ta shafi gari sosai, domin masu kafa gari ma fata suke yi. Tudun Wada fata ce, shi yasa kake samunta a Kaduna da Zariya da Jos da Gusau da Gombe, ba wai wata ta kwaikwayi wata ba, kowa wadata yake so. Nasarawa fata ce ta nasara, kuma a kula, nasara ta cin yaƙi daban Nasara na Bature daban, a rubutu ne kawai suka zama ɗaya. Musulmin Afirka ta Yamma kuma sun fi kowa wannan, akwai Madina a Ankara, Madina a Dakar, babbar kasuwar Madina a Konakiri, duk neman albarkar Madinar Manzon Allah (SAW), wadda ita kanta da Yasriba ake ce mata, madina a Larabci birni kawai take nufi. Tuba da Shehu Ahmadu Bamba ya kafa a Senegal a 1887 daga Alƙur'ani sunan ya fito, suratu Ra'ad aya ta 29, kuma akwai Tuba a Gini akwai a Kodebuwa akwai a Mali. Hamdallahi ta Shehu Ahmadu na Masina ma ta haifi takwarori a Bamako da Konakiri da Nijar.

Sauran kuwa ba fata ba ce ba hijira ba, abinda ido ya gani ne. An sauka gindin rimi sai ace Rimi, gindin ɓaure Ɓaure, ga Magarya, ga Kalgo, ga Kurna, ga Durumi a tsakiyar Abuja, ga Dutse ga Dogon Dutsi. Tunda itacen nan ba a gari ɗaya ya tsiro ba, sunan ma ba zai tsaya a gari ɗaya ba. Birni duk garin da aka kewaye da ganuwa ne, kafi kuma wanda aka kewaye da itace, daga nan Kafin Hausa da Kafin Madaki da Keffi da Turawa suka lanƙwasa.

Tambaya ta ƙarshe gajera ce, wani yaro ɗan sakandare yace in gari biyu sun haɗa suna ya ake bambanta su a Hausa.

Yaro ai kullum kana yi ba ka lura bane. Jingina sunan ake da wani abu, Birnin Kudu, Birnin Kebbi, Birnin Gwari, Birnin Ƙonni, Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, Tudun Wadar Dankadai. Kuma ka lura sunan gari a Hausa mace ne ko da kalmar namiji ce, shi yasa muke cewa Kano ta Dabo, Gaya ta Nijar, Dutse ta cika da baƙi, alhali dutsen da ka yi tuntuɓe da shi namiji ne. In ka yi ragwancin jinginawar kuma za ka sha abinda na sha. Shekarun baya na ba wani direba a tasha ƙunshin littattafai nace ya kai wa wani abokina a Illela, na rubuta suna da Illela kawai a jikin kwalin na koma gida hankali kwance. Shi abokin nawa yana Illela ta jihar Tawa a Nijar, direba kuwa Illelar da ya sani ita ce ta Sakkwato wadda ke kallon Ƙonni, can ya sauke kaya wajen wani mai shayi ya yi gaba. Sati uku ina zargin bawan Allah da cin amana, shi kuma abokina yana can yana cewa Malam ya yi alkawari ya saɓa. Da aka gano kwalin mai shayin ya mayar da shi kujerar kwastomomi, littafin da ke sama har da zanen gindin kofi.