Na Tura Bidiyon Gwaji Sau Biyar Ba a Kira Ni Ba, Ina Matsalar Take?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a Gusau, kuma tun ina sakandare nake wasan kwaikwayo. Yanzu masu shirya fim mai dogon zango kan ce mutum ya ɗauki kansa da waya ya tura musu. Sau biyar ina turawa, ko "mun gani" ba a taɓa ce mini ba. Ina iya ƙoƙarina wajen mayar da harshena irin na Kano, kuma na ƙware a salon wani babban jarumi har abokaina na kirana da sunansa. Laifin wayata ne? In tara kuɗi in sayi kyamara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka sayi kyamara, ka bar kuɗinka a cikin sana'arka. Na daɗe ina zaman tantance 'yan wasa, ban taɓa ajiye mutum saboda wayarsa mai araha ce ba. Matsalarka tana cikin abubuwa biyun nan da ka ambata kana ganin su ne ƙarfinka. Amma bari mu fara sallamar zancen waya, don shi ne mai sauƙi.

Goge gilashin kyamarar da gefen rigarka, ka kwantar da wayar a kan wani abu da ba ya motsi, daidai tsayin idonka. Hoton ya kama daga ƙirji zuwa ɗan sama da kai. Ka fuskanci taga ko ƙofa, kada ka ba su baya, in ba haka ba fuskarka za ta koma inuwa. Bango fili ya ishe ka. Abin da ya fi kashe bidiyon mutanenmu shi ne sauti: fanka na juyawa, janareton maƙwabta na ruri, mai markaɗe ya tayar da inji. Ka ɗauka da hantsi, ka kashe fanka ko da za ka yi gumi, kada kuma ka yi nesa da wayar fiye da taku biyu. Wanda zai karanta maka ɗaya ɓangaren ya tsaya dab da wayar ya sassauta murya, kai kuma shi za ka kalla, ba idon kyamara ba. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin fayil, don in ka tura shi kai tsaye manhajar za ta matse shi ya dusashe. Sa sunanka da sunan rawar a jikin fayil ɗin. Shi ke nan.

Wannan hanya ta ɗaukar kai a tura ta bazu ne sosai lokacin kullen korona a 2020, har ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta tafi yajin aiki a kai a 2023, yajin da ya ɗauki kwana 118. A yarjejeniyar da suka cimma, an ce kada a ba ɗan wasa fiye da shafi 8 a gwajin farko, kuma a ba shi aƙalla awa 48 ya shirya. Mu nan ba mu da irin wannan ƙa'ida, amma na kawo ta ne don ka san neman kwana biyu na shiri ba rashin kunya ba ne. Ga ɗan Zamfara kuwa hanyar alheri ce, ta hutar da kai kuɗin mota da fargabar hanyar Tsafe zuwa Funtuwa a kan gwajin minti biyu.

To, mu dawo kan jarumin nan da ake kiran ka da sunansa. Ka sa kanka a kujerar darakta. Yana da bidiyo tari a wayarsa, yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya da daddare bayan an tashi daga lokeshan. Ya buɗe naka, ya ga ɗage girar wane, ya ji dariyar wane. Me zai yi da kai? Mai abin yana nan a Kano, lambarsa na cikin wayar da yake kallon ka da ita. Ko kai, in mutum ya zo shagonka yana son aikin hannu na gaske, ai ba za ka miƙa masa na inji ka ce sun yi kama ba. Kwaikwayon manya makaranta ce, kowa ta nan ya fara, amma ba a zuwa gwaji da shi.

Zancen harshe ya fi damuna. Ban san wanda ya gaya wa yaranmu na yamma cewa "munka tahi" da "yaz zaka" da "wanga" abin ɓoyewa ba ne. Na sani an daɗe ana ajiye Sakkwatanci da Zamfarci a bakin mai ba da dariya a fim, kuma wannan kuskurenmu ne mu masu shiryawa. Amma da wane harshe Musa Ɗanƙwairo ya yi wa sarakuna waƙa har ƙasar Hausa duka ta haddace? Illar ɓoyewar ma a aikace take. Lokacin da kake wasa kana tsaron bakinka kada "hwaɗi" ta kuɓuce maka, rabin hankalinka na kan harshe, saura rabi ne kawai ke kan wanda ke yi maka magana, kuma kyamara na ganin wannan. Ka koyi Kananci da kyau, domin wata rawar shi take bukata. In ba a fayyace ba, ɗauki gwajin sau biyu, ɗaya da harshen da aka rubuta, ɗaya da wanda kake yi wa mahaifiyarka magana da shi, ka tura duka.

Akwai wani gwaji da ba na mantawa. Fitowar ita ce mutum ya je wurin amininsa neman rancen kuɗin asibitin matarsa, aminin ya hana shi. Kusan duk waɗanda suka turo, da an kai wurin hanawar sai ihu, sai dukan ƙirji, sai nuna yatsa. Wani bawan Allah shi kuwa hularsa ya cire tun abokin na cikin kawo uzuri, ya riƙe ta a cinya yana bin zaren bakinta da babban yatsa. Bai ɗago ba sai da aka gama. Sannan ya mayar da hular, ya gyara mata zama, ya ce, "To, Allah shi hore," ya miƙe. Sau uku na maimaita kallon. Da muka haɗu na tambaye shi inda ya samo wannan, sai ya ce haka ya ga mahaifinsa ya yi wata rana a zauren wani.

Ka lura, mafi yawan wasan nasa ya yi shi ne lokacin da ba shi ke magana ba. Fiye da shekara ɗari da suka wuce wani malamin fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da hoton kwanon miya, sannan da gawar yarinya a akwati, sannan da mace a kishingiɗe. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce. Wasan dandamali da ka saba a makaranta yana son a buɗe murya da hannu don na bayan aji ya gani. Kyamara kuwa tana dab da hancinka, ko haɗiyar yawu ka yi ta kama.

Kai kuma tela ne, ka zauna a inda ake ganin mutane. Ka san fuskar magidancin da ya zo karɓar ɗinkin sallar yaransa a daren jajibere, kuɗinsa bai cika ba. Ka san yadda kai kanka kake cewa "gobe in sha Allahu" alhali yadin ko yanka shi ba ka yi ba, da inda idonka ke zuwa a lokacin. Jarumin da kake kwaikwayo bai zauna a bencinka ba. Kafin ka danna ɗauka, tambayi kanka abu biyu: me nake so daga mutumin nan, kuma me nake ɓoye masa? Kada ka wuce ɗauka uku ko huɗu, don daga nan jiki ke mutuwa, magana ta koma hadda.

Shirun da aka yi maka kuma kada ya karya maka gwiwa. Sau da yawa an riga an ɗauki wadda za ta fito a uwa, ana neman wanda ya yi kama da ita ne, ko shekaru ba su dace ba, kuma ba kasafai ake waiwayar waɗanda ba a ɗauka ba. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne duk wanda ya ce ka turo kuɗi kafin a kalli bidiyonka, rabu da shi. Ka gaya wa 'yan'uwanka mata masu sha'awar harkar su ma, duk gwajin da aka ce a zo ɗakin otal, ko a turo hoton da bai shafi rawar ba, ba gwaji ba ne.

A wannan makon, ɗauko ɗaya daga cikin fitowa biyar ɗin da ka tura, ka sake ɗaukar ta da Zamfarcinka, kana zaune a kan keken ɗinki da aiki a hannunka. Ka kalli tsohon da sabon a jere, ka kashe sautin duka biyun, ka duba a wanne ne kake sauraron abokin maganarka.