Maƙwabcina a Tampere ba ya amsa gaisuwa

Tambaya: Malam, watana bakwai a birnin Tampere na ƙasar Finland ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Kullum da safe nakan haɗu da maƙwabcina a matakala, in gaishe shi har in tambayi iyali, sai ya ce "moi" ya wuce. A bas na zauna kusa da wata dattijuwa na yi mata ya sanyi, ta juya tana kallon taga. Ƙyamar baƙar fata ce, ko ni nake yin wani laifi?

Amsa: Ƙanena, wannan "moi" ɗin ita ce gaisuwar gaba ɗayanta, bai rage maka komai ba. Mu a gida sai an bi ta kan kwana da gajiya da iyali da aiki kafin a shiga magana. Mutumin Finland kuwa ƙyale ka da ya yi, a wurinsa girmamawa ce. Suna da karin magana cewa magana azurfa ce, shiru zinariya, kuma da gaske suke. Tambayar iyali daga wanda ba su saba da shi ba tana yi musu kama da bincike. Ita kuma dattijuwar, in akwai kujerun da ba kowa ka zaɓi ta kusa da ita, tun nan ka ɗaure mata kai. Ka lura da su a tashar bas, ko dusar ƙanƙara na zuba, kowa ya ba ɗan'uwansa tazara.

Ka kiyayi "mitä kuuluu?", wato ya kake. Ba irin namu ba ne da ake amsawa da "lafiya lau" ko ana jinya. In ka tambaya, ka tsaya ka saurara, don za a iya ba ka labarin ciwon gwiwa dalla-dalla. Haka "zan leƙo ka wata rana" da muke faɗa don daɗin baki, su alkawari suke ɗaukarsa, za su tambaye ka ranar da ƙarfe nawa.

Ba a hira ake samunsu ba, a wurin aiki tare ake samunsu. Kada ka tsallake kahvitauko, hutun shan kofi a wurin aikinka. Zauna da kofinka ko ba wanda ya ce uffan, kada ka ce sai ka cike shirun. Sannan ka riƙa duba allon sanarwa na gidanku, za ka ga talkoot, gayyarsu ke nan ta share tsakar gida, galibi bayan sanyi ya wuce ko lokacin zubar ganye. Ɗauki manjagara ka fita. Sai dai a ƙarshe akan gasa makkara, wato sosej ɗinsu, yawancinsa da naman alade, ka tambaya kafin ka kai baki.

Ban ce babu wariya a ƙasar ba, akwai. Amma zagi ko danne maka haƙƙi daban, shiru daban. In a wurin aiki ne, nemi luottamusmies, wakilin ƙungiyar ƙwadago.

Harshen ma kada ka yi wasa da shi, don in ka zo neman takardar ɗan ƙasa, jarrabawar ƙwarewar harshe ta YKI mataki na 3 ce hanyar da yawanci ake bi. Je babban ɗakin karatu na garin mai suna Metso ka tambayi inda ake kielikahvila, zaman koyon hira da harshensu. Doguwar gaisuwa kuwa ka adana wa Inna a waya da 'yan'uwa bayan Juma'a. Gobe in kun haɗu da maƙwabcin, ce masa "moi" kawai, ka gyaɗa kai, ka wuce abinka.