Tambaya da Amsa: Allurar gyaran fuska ko tiyata?

Wata Hajiya daga Zariya ta rubuto: "Shekaruna 58, kumatuna sun zubo, fatar wuyana ta saki. 'Yata ta ce a yi mini allurar Botox maimakon tiyata."

Hajiya, ba aiki ɗaya suke yi ba. Botox kwantar da naman da ke yamutsa goshi da gefen ido yake yi, na wata 3 zuwa 4, sai a sake biya. Allurar cike, wadda ake kira fila, tana cike ramin kumatu na wata 6 zuwa 18. Babu wadda za ta ɗaga fatar da ta riga ta zubo. Wannan sai tiyata: likita ya yanka ta gaban kunne, ya ja nama sama, ya rage fata. Amfaninta kan kai shekara 10, amma za ki yi mako 2 zuwa 3 da kumburi, kuma irin fatarmu na saurin yin tabo mai tudu. In kina da hawan jini ko ciwon suga, fara jin ta bakin likitanki kafin ki ba kowa sisi.

Wata amarya daga Kaduna: "Mai yi mini gyaran jiki za ta yi mini allurar a gida, kuɗin bai kai rabin na asibiti ba."

A'a, ɗiyata. Ta tsaya a kan dilka da halawa. Botox guba ce da ake samu daga ƙwayar cuta, likita ne ya san 'yar ƙanƙanuwar da jiki zai ɗauka. A firji ake ajiye shi, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Da wace wutar take ajiye nata? A ina ta samo shi? Ko a Amurka, a 2024 sai da aka kwantar da mata a asibiti saboda jabun Botox da waɗanda ba su da lasisi suka yi musu, wasu fatar idonsu ta zubo, wasu haɗiya da numfashi suka yi musu wuya. Fila kuwa in ta shiga jijiyar jini, naman wurin kan mutu, ido ma kan makance. Likita na ajiye maganin narkar da ita a kusa, ita mai gyaran jikin me za ta ba ki? Abin da ke ƙona mini rai, mace za ta duba leshi sau 5 kafin ta saya, amma ta miƙa fuskarta ga wadda ta gani a Instagram. Araha ba ta ado. Ki nemi ganin lambar hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, a kwalin, a buɗe kwalbar a gabanki, kuma ki tabbata mai yin allurar yana da rajista da hukumar likitoci, MDCN.

Wani daga Gusau: "Akwai man da zai mayar da matata 'yar shekara 20?"

Babu, Malam. Kuma kada ka kai mata man bilicin, siranta fata yake yi.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi: "Shekaruna 34, layi sun fara fito mini a goshi, ko barci ba na iya yi."

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, wallahi ba ki kai maganar wuƙa ba, allurar ma ba dole ba ce. Rana ce ke saurin tsufar da fata. Ki riƙa shafa man kare rana mai lamba 30 kowace safiya, da kaɗanya lokacin hunturu. Da dare ki shafa retinol, man rage layin fata, kaɗan, sau 2 a mako da farko, amma ban da lokacin da kike da ciki. Ki ba shi wata 3, sannan ki sake rubuto mini, ina jira.