Tambaya da Amsa: Wayoyin Blender sun rikita ni, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni sun taru a kan abu guda, wato yadda ake yi wa abu fata a Blender, manhajar zanen 3D, ta hanyar jona ƙananan akwatunan nan da ake ce ma nod, ba tare da an liƙa hoto ba. Na ɗauko guda uku, dukansu daga jihar Kebbi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, Allah shi ƙara basira. Ni ɗalibi ne ina zaune Argungu, wata huɗu ke nan ina koyon Blender, gina abu bai ba ni wahala yanzu don na gina kwalekwale da gora da ɗakin ƙasa irin namu, amma wallahi da na zo wurin sa musu fata sai komai ya tsaya, ɗakin ya fito sumul kamar roba. Na bi bidiyo sun fi ashirin a YouTube, duk inda mutumin ya jona waya nima in jona kuma abu ya fito da kyau, amma in na rufe bidiyon na ce bari in yi nawa ko nod ɗaya ban san wanda zan ɗauko ba. Burina in yi bakin kogin Matan Fada lokacin rani da lakar nan da ke tsattsagewa. Don Allah mi ya kamata in yi, ko dai wanga aiki sai wanda ya iya lissafi sosai?

AMSA: Ƙanena amin, kuma ka kwantar da hankalinka, lissafin da ake buƙata a nan bai wuce ka san abin da ke tsakanin 0 da 1 ba. Nima na yi irin wannan zaman, in kwafa in ji daɗi, washegari in buɗe sabon fayil kaina fayau. Abin da ya warware mini shi ne ranar da na gane cewa kusan duk nod ɗin nan hoto baƙi da fari suke fitarwa, baƙi shi ne 0, fari shi ne 1, toka-toka kuma abin da ke tsakani. Kuma wannan hoton umarni ne kake ba kwamfuta: inda ya yi fari yi kaza, inda ya yi baƙi kar ka yi. In ka jona shi wurin launi zai ce ga inda ja zai zauna ga inda ruwan ƙasa zai zauna, in ka jona shi wurin kaushi zai ce nan ya yi sheƙi can ya dushe, in ka kai shi wurin tudu da kwari zai ce nan ya taso can ya lotsa. Hoto ɗaya, aiki uku. Masu bidiyo ba su cika tsayawa su faɗi wannan ba, shi ya sa kake ganin wayoyi kamar taliya.

To kafin ka taɓa kwamfuta, kai da Allah ya ajiye a Argungu ai ka fi mu sa'a, ka sauka fadama bayan ruwa ya janye ka tsuguna ka kalli lakar nan da kyau. Za ka ga manyan tsagu masu zurfi da suka raba ƙasar gida-gida, a cikin kowane gida akwai ƙananan tsagu da ba su yi zurfi ba, bakin kowane ɓangare ya ɗan nannaɗe sama kamar ɓawon tuwo a gindin tukunya, saman ya yi haske don ya sha rana, cikin tsagar kuma duhu ne saboda sauran damshi. Ka rubuta waɗannan a takarda da Hausarka. Kowane layi da ka rubuta nod ɗaya ne ko biyu, kuma daga nan ne za ka san wanda za ka ɗauko.

Bari mu yi lakar tare. Ka buɗe Shader Editor, wato filin jona nod, in ka gan shi fayau ka danna New, za ka tarar da Principled BSDF an riga an ajiye maka, shi ne uban tafiya, duk abin da za mu haɗa wurinsa zai ƙare. Danna Shift da A ka ɗauko Voronoi Texture. Sunan wani masanin lissafi ne haifaffen Yukren da ya yi rubutu a kan abin tun 1908, kuma fahimtarsa ba wuya: ka ɗauka an haƙa rijiyoyi barkatai a daji, kowa yana zuwa wadda ta fi kusa da shi, to iyakar da ke tsakanin masu zuwa wannan rijiya da masu zuwa waccan ita ce layin da Voronoi ke zanawa. Ka canza shi daga F1 zuwa Distance to Edge, nan take za ka ga gida-gidan nan sun fito, iyakokin baƙi, tsakiya haske. Sai ka sa Color Ramp a gabansa ka jawo farar alamar kusa da baƙar, tsagun su sirance su yi kaifi. Wannan Color Ramp ɗin ka riƙe shi da kyau, ni dai ban taɓa yin wata fata ba tare da shi ba.

Amma za ka lura layukan sun miƙe sambal kamar an ja da rula, laka kuwa ba ta tsagewa haka. Nan ne Noise Texture ke shigowa, wanda yake kama da hayaƙi ko gajimare. Wani Ba'amurke Ken Perlin ne ya ƙirƙiro dabarar a 1983 don ya gaji da yadda zanen kwamfuta ke fitowa tsaf kamar na inji, har aka ba shi kyautar Oscar ta fasaha a kanta a 1997, ka ga ke nan matsalar ɗakinka mai kama da roba tsohuwa ce. Ka ɗauko Texture Coordinate, ka ja waya daga Object, ka gauraya ta da launin Noise ta cikin nod ɗin Mix da aka sa a kan Color, ka bar Factor ɗin ƙasa-ƙasa kamar 0.1, sannan abin da ya fito ka kai shi Vector na Voronoi. Ka zuba ido ka ga yadda layukan za su karkace su yi kwana-kwana, wallahi ranar da na fara ganin wannan na daɗe ina jan lambar gaba da baya ina kallo.

Saura aiki ukun da na faɗa. Abin da ya fito daga Color Ramp ka kai shi Height na nod ɗin Bump, Bump kuma ya shiga Normal, tsagun za su lotsa. Ka sake jan wata wayar daga wuri guda zuwa Factor na wani Mix mai launi biyu, ruwan ƙasa mai duhu na cikin tsaga da mai haske na sama, ka kai Base Color. Roughness ka ɗaga shi wajen 0.9 don busasshiyar laka ba ta sheƙi, Metallic ka bar shi a 0. Ƙananan tsagun nan na cikin gida kuwa, Voronoi na biyu ne da ka ƙara wa Scale ka rage masa ƙarfi. Bump dabarar haske ce kawai, in ka kalli abin ta gefe za ka ga shafe yake, in kana son tudu na gaske sai Displacement, shi kuma yana son a yayyanka abin sosai kuma yana cin kwamfuta, ka bar shi sai gaba.

Abu biyu da za su sauƙaƙa maka. Ka shiga Preferences ka kunna Node Wrangler, yana cikin Blender ɗin, da shi in ka riƙe Ctrl da Shift ka danna kowane nod zai nuna maka abin da shi kaɗai yake fitarwa. Sannan in ka zaɓi nod ka danna M zai yi shiru kamar babu shi. Ka koma kan bidiyon nan ashirin da ka kwafa, ka buɗe fayilolin ka riƙa kashe nod ɗaya-ɗaya kana ganin abin da ya ɓace, a nan za ka san aikin kowanne fiye da sake kallon wasu ashirin. Kuma ka kula da launin ɗigon da ake jona waya, rawaya launi ne, toka lamba ce, shuɗi-shuɗi na wuri ne, kore kuma na shader, wato abin da irin su Principled BSDF ke fitarwa, in ka kai kore cikin rawaya wayar za ta yi ja tana gaya maka ba gidanta ba ne.

In ka gama laka ka wuce bangon ɗakinka. Ka je ka kalli tsohon gini irin Gidan Kanta, ko duk wani bango da aka shafe da makuba, za ka ga sawun hannun magini da 'yan guntayen ciyawa da kuma yadda gindin bangon ya fi duhu inda ruwan sama ke fantsama. Noise biyu, babba da ƙarami, da Color Ramp sun isa su fara ba ka wannan.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Ni ɗaliba ce a Birnin Kebbi, laftof ɗina tsohuwa ce RAM 4 kawai, data kuma sai a hankali, wuta ma kun san yadda take. An ce mini in dai ba Substance Designer na koya ba ɓata lokaci nake, na duba kuma kuɗi ne da dala. Shin in haƙura har in samu babbar kwamfuta?

AMSA: Ƙanwata kar ki haƙura, don Allah. Gaskiya ne Substance Designer shi ne wanda manyan kamfanonin wasannin kwamfuta suka fi amfani da shi, wani kamfani ne a Faransa mai suna Allegorithmic ya yi shi kafin Adobe su saye shi a 2019, kuma in kina son aiki da irin waɗannan kamfanoni wata rana za ki buƙace shi. Amma tunanin duk ɗaya ne, baƙi da fari, gaurayawa, tudu da kwari, wadda ta iya a wuri ɗaya sunayen maɓallai kawai za ta sake koya. Blender kyauta ne tun 2002 lokacin da masu amfani da shi suka yi karo-karo na yuro 100,000 aka fanshi manhajar, mai ita Ton Roosendaal ɗan Holan ya sake ta ga kowa. Akwai kuma Material Maker, shi ma kyauta, an gina shi a kan Godot, manhajar yin wasannin kwamfuta, kuma tsarinsa ya fi kama da na Substance, fata kawai ake yi da shi, ba shi da nauyin saukewa.

Game da laftof ɗinki, sababbin Blender suna son RAM 8, kuma daga 4.0 sun ɗaga irin katin hoton da suke karɓa, don haka in sabon ya ƙi buɗewa ki nemi 3.6 ko 3.3, tsofaffin duk suna nan a shafinsu. Akwai wanda ake saukewa a zif ba sai an girka ba, mutum ɗaya ya sauke ku goma ku kwafa a filash, kuma ba ya neman intanet bayan haka. Ki riƙa gwaji a kan faifai ɗaya ko ƙwallo ɗaya, kar ki cika fili da kaya, ki rage Detail na Noise zuwa 2 ko 3 lokacin aiki don kowane ƙari nauyi ne. In Material Preview yana sa ta tsayawa ki gwada Cycles, injin fitar da hoto na Blender, ki rage masa Samples, a ƙaramar taga, a wasu tsofaffin kwamfutoci ya fi sauƙi. Ki saba da Ctrl da S kamar numfashi, na taɓa rasa aikin yini guda da aka ɗauke wuta batir kuma ya mutu, har yau ina jin ciwon abin.

Sai ki kula da shekarar bidiyon da kike bi. Musgrave Texture da tsofaffin bidiyo ke yawan ɗaukowa an cire shi a 4.1 an zuba aikinsa cikin Noise, MixRGB ya koma Mix tun 3.4, Principled BSDF ma an sake masa tsari a 4.0. Mutane da yawa sun zaci su ne suka yi kuskure alhali sigar ce ta bambanta.

TAMBAYA: Malam ni daga Jega. Tunda ina da waya mai kyamara, mi zai hana in ɗauki hoton bango ko atamfa in liƙa, maimakon duk wannan wahalar?

AMSA: Ɗan'uwa babu abin da zai hana, ƙwararru ma suna yi, kuma ga abu mai zane na musamman kamar atamfa ko allon shago hoto ya fi sauri nesa ba kusa ba. Matsalarsa uku ce da na sani: inuwar ranar da ka ɗauka tana manne a jiki ko ka juya hasken wani gefe, in ka matso kusa yana farfashewa, in kuma ka shimfiɗa shi a babban fili ido zai kama yana maimaita kansa. Na nod ba ya farfashewa, kuma gobe in aka ce tsagun sun yi yawa lamba ɗaya za ka juya. Nasa aibin shi ne in za ka kai aikin manhajar yin wasanni irin Unity ko Unreal, ko wata manhaja, nod ɗin Blender ba sa bin ka, sai ka gasa su sun zama hoto, abin da suke kira Bake, a cikin Cycles ake yi kuma sai abin yana da UV, wato taswirar yadda hoto zai kwanta a jikinsa, ka buɗe sabon hoto mai 1024 ko 2048 ka gasa launi daban, kaushi daban, Normal daban. Ni yadda nake yi yanzu haɗawa nake, hoton atamfar a Base Color, sannan Wave Texture biyu masu siraran layi, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, su shiga Bump su ba ta saƙar zare, Noise kaɗan ya dusar da launin inda guga da wanki suka ci.